Hazonmu Ɗaya, Nasu Kashi-Kashi

Yaron Sabon Garin Gusau da ke son lasin tuƙa ƙaramin jirgin sama, hanyarsa ta Tsafe ce, ya ratsa Funtuwa ya sauka Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964. Kafin ya ci jarrabawar lasin sai ya sha zaman aji: dokar sama, yanayi, sanin hanya, inji, maganar rediyo. Ana cewa da Turanci ake karatun. Ni dai ban yarda ba duka, domin rabin kalmomin ko Bature sai an koya masa.

Ɗauki hazo. A wurinmu, in gari ya yi fari fat har ba ka hango ƙarshen layi, hazo ne, ko a hunturu ko da asubar damina. Rahoton yanayi na filin jirgi, wanda ake kira METAR, bai yarda da wannan kuɗin goro ba. Busasshen hazon hunturu HZ ne. In ƙurar ta game ko'ina, DU. In kuwa danshi ne, sai a auna: ganin da bai kai mita 1,000 ba FG ne, wanda ya kai haka zuwa mita 5,000 kuma BR. Dalilin rarrabewar a fili yake. Hazon danshi rana na ɗagowa yake watsewa, na ƙura kuwa yana iya kwana uku a Kano bai motsa ba, matuƙi na zaune.

To, BR daga ina? Faransanci ne, daga brume. Haka FU na hayaƙi da GR na ƙanƙara. Ɗalibin Maraɗi zai riga ɗan Gusau gane su.

QNH ya fi ban mamaki, domin ba taƙaitawar komai ba ce. Gadon masu buga waya ne na jiragen ruwa, waɗanda aka tsara wa alamomi masu farawa da Q, ƙasashe suka amince da su a taron Landan na 1912, daga baya masu jirgin sama suka ƙara nasu. Lamba ce ta nauyin iska da matuƙi ke murɗawa a agogon tsayi. Kuskuren lamba 10 na nufin kusan ƙafa 300, kuma wanda ke shawagi kusa da Dutsen Kwatarkwashi cikin hazo ba shi da rarar ƙafa 300.

Ruwa ya ba sama aro da yawa. Mil ɗin matuƙi na teku ne, mita 1,852. Hausa ma haka ta yi ba tare da ta yi shawara da kowa ba: jirgi da tuƙi na bakin kogi ne tun kafin jiragen sojan Ingila su sauka Kano a 1925.