Gauraka

Gauraka tsuntsun fadama ne mai dogon wuya da tukku ruwan zinariya, wanda Allah Maɗaukakin Sarki ya hukunta masa hayayyafa da damina, inda namiji da tamata kan tattake ciyawa cikin dausayi su yi sheƙa, su riƙa kwancin ƙwai biyu zuwa biyar bi da bi kimanin wata guda. A zamanin da, garkunansa sun yawaita daga Tafkin Chadi har dausayin Haɗeja da Nguru, wanda kogin Haɗeja da kogin Jama'are na ƙasar Bauchi ke shayarwa. Amma farin shekarun 1970, da madatsar ruwa ta Tiga ta 1974 wadda ta rage ruwan da ke shiga dausayin, da kamun da ake yi masa domin ƙawata gidajen masu hali, sun sa ganinsa ya yi wuya ƙwarai a Nijeriya.