Inda harsashi ya sauka: daga Dankori zuwa wasannin harbi na salula

A Dakoro, kamar a sauran garuruwan jihar Maraɗi, wasannin harbi sun shigo ne ta ƙofa biyu. Da fari ta ɗakunan wasa, inda ake jona na'urar PlayStation da talabijin, yaro ya biya ƴan kuɗi a miƙa masa maɓalli. Daga baya kuma ta salula, musamman tun da Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile ya biyo a 2018. Ɗalibin koleji da bai taɓa riƙe bindiga ba yana iya zayyana wa malaminsa dokar jikin ɗan Adam kamar yadda waɗannan wasanni suka tsara ta: harbin kai shi ne mai tsoka, na ƙirji ya bi masa, na hannu da na ƙafa kuwa ɗan ragi ne, wanda akwatin magani ke sharewa cikin ƙiftawar ido. Wannan rabon jiki gida-gida yana da tarihi, kuma wani sashe na tarihin ya bi ta ƙasar Tasawa.

A wasannin farko, irin su Wolfenstein 3D na 1992 da Doom na 1993, abokin gaba dunƙule ne guda, tamkar buhun hatsi: ko ina aka same shi, lissafin ɗaya ne, ana rage masa rai har ya ƙare. A 1994 kamfanin Sega na Japan ya fitar da Virtua Cop, inda wanda aka harba yake kama daidai wurin da aka same shi, har ma ana ƙara lada ga wanda ya harbe hannun da ke riƙe da makami. Ma'aikatan kamfanin Rare na Ingila suka ɗauki wannan dabara suka faɗaɗa ta a GoldenEye 007 na 1997. A nan ne abin ya zama na raha. A harbe hular soja ta tashi, shi yana tsaye. A same shi a gindi ya yi tsalle yana shafawa. A same shi a mara ya dafe da hannu biyu ya durƙusa a hankali. A wannan shekara kuma wasan Fallout ya bai wa mai wasa zaɓin gaɓar da zai auna, ido ko ƙafa ko mara, sannan ya rubuto masa ƴar barkwanci kan abin da ya sami mutumin.

Dariyar ba sabuwa ba ce. Wadda ake yi wa ɗan kokowa ce idan ya sha ƙasa ya tashi yana kakkaɓe gindi, wadda kuma marigayi Rabilu Musa Ibro ya gina sana'arsa a kai, ya sha sanda ya yi birgima ya miƙe da gudu. Sharaɗinta ɗaya ne, mai kallo ya sakankance cewa wanda ya faɗi zai tashi, ko kuwa dama ba mutum ba ne. Babu laifin da za a ɗora wa yaro don ya yi dariyar hoton da aka zana domin a yi masa dariya.

Abin ya sauya ne lokacin da masu ƙera wasanni suka fara tallar hajarsu da sunan gaskiya. A 2000 kamfanin Raven Software na Amurka ya fitar da Soldier of Fortune, ya kasa jikin mutum gida 26, kowane gida da irin raunin da yake nunawa, har da cirewar hannu da zubowar hanji. Sun ɗauki wani tsohon sojan yaƙin Biyetnam, John Mullins, ya zama mashawarcinsu, suka kuma raɗa wa jarumin wasan sunansa. Kashi na biyu, a 2002, ya kai gidajen 36. A 2012 wasan Sniper Elite V2 ya zo da hoto irin na ɗakin hoton ƙashi na asibiti: ana rage gudun lokaci, a bi harsashi yana ratsa haƙarƙari da hanta, kuma ba a manta da marainan ba, domin tsohuwar dariyar tana nan. Kowane sabon wasa yana ƙara kaifin hoton daƙiƙar da harsashi ya shiga. Abin da ke biyo bayan wannan daƙiƙa kuwa sai daɗa gajarta shi ake yi. Tun daga Call of Duty 2 na 2005, ya wadatar wanda aka harba ya laɓe bayan bango ya ɗan numfasa, jan da ya rufe allon ya washe, ya fito garau.

Tambayar inda makami ya sauka da abin da yake yi wa jiki ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Mayaƙan ƙasar Hausa sun amsa ta da hanyarsu. Ɗan baka bai damu ƙwarai da ya sami kai ko ƙirji ba, domin aikin na dafi ne. Dafin da ake haɗawa da ƴaƴan kwankwani zuciya yake nema, ko ta ƙwauri ya shiga, shi ya sa barde ke lulluɓe kansa da dokinsa da lifidi, ya kuma nemi kau-da-bara wurin masu asiri, tun da ƙwarzane ma ajali ne. Bindigar da ta fara yaɗuwa ta ɗure ce, wadda bakin mutane ya raɗa wa harba-ka-ruga, suna mai ɗauke da tasa rahar: in ka harba, kafin ka sake ɗurawa an cim maka. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara irin waɗannan bindigogi masu yawa, har ana haɗa albarushi da zuba igwa a birninsa. Duk da haka kibiya ba ta sauka daga matsayinta ba. A yaƙin Burmi na 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Ingila.

Su Turawa kuwa, a daidai wannan zamani, wata damuwa ce ta dame su. Sababbin bindigoginsu suna harba siririn harsashi mai rigar ƙarfe, wanda kan ratsa tsoka ya wuce ba tare da ya kayar da mutum nan take ba. Sojojin Ingila suka koka da haka bayan yaƙin Chitral na 1895, a kan iyakar Indiya. Sai masana'antar makamai ta Dum Dum, kusa da Kalkata, ta ƙera harsashi mai buɗaɗɗen baki, wanda ke bajewa cikin nama ya yaga shi. Da aka zauna taron zaman lafiya na birnin Lahay a ƙasar Holan, a 1899, aka kawo shawarar haramta shi. Wakilin sojan Ingila, Janar John Ardagh, ya tashi ya kare shi da hujjar da ta cancanci a karanta wa kowane aji na tarihi. A cewarsa, sojan ƙasar da ta waye in an harbe shi ya san an harbe shi, sai ya kwanta ya jira masu ɗaukar majinyata, amma wanda ya kira ɗan daji ba ya tsayawa, yana tahowa har ya sare kan wanda ya harbe shi. Wato dai mutumin bai faɗi yadda ake so ya faɗi ba, saboda haka a gyara harsashin. Taron bai karɓi hujjar ba, aka sa hannu kan haramcin ranar 29 ga Yuli 1899, Ingila da Amurka suka ƙi. Amma takardar ta ɗaure ƙasashen da suka sa hannu ne kawai, a yaƙin da ke tsakaninsu. Jikin mutumin Ƙonni ko na Lugu ba ya cikin lissafi.

Alhali ana wannan muhawara a Lahay, rundunar kaftin Voulet da kaftin Chanoine tana ratsa ƙasar nan daga yamma zuwa gabas. Ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya, a watan Afrilu, ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu. Da labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo kanar Klobb ya karɓi ragamar rundunar. Ya cim musu a Dankori, a ƙasar Tasawa, ranar 14 ga Yuli, kwana 15 kafin a sa hannu a Lahay. Klobb ya hana mutanensa harbi, Voulet ya umarci nasa su buɗe wuta. Klobb ya faɗi matacce, mataimakinsa laftanan Meynier ya sami harsashi a ƙafa. Ranakun 16 da 17 ga wata sojojin rundunar suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu suna Maijirgi. Littattafan Faransa sun adana labarin waɗannan raunuka dalla-dalla: wa aka sama, a wace gaɓa, wa ya warke. Meynier ya warke, ya ci gaba har tafkin Cadi, ya rayu zuwa 1961. Na dubban da aka harba tsakanin kogin Kwara da Tasawa kuwa, babu wanda ya rubuta inda harsashi ya same su, balle kwana nawa suka yi suna jinya a gona ko a bakin rijiya kafin rai ya yi halinsa.

Waɗannan kwanaki su ne ainihin rauni, kuma su ne wasa ba ya nunawa. Harsashin kalashnikob bai wuce giram 8 ba, yana fita da gudun da ya zarce mita 700 a daƙiƙa. Ba ya ɗaga mutum ya maka shi da bango kamar a fim, domin da yana da wannan ƙarfi, da mai harbin ma ya kife ta baya. Abin da yake yi ya fi haka muni kuma ba ya da kyan kallo. Yana huda rami, ƙarfinsa ya buɗa naman da ke kewaye na ɗan lokaci sannan ya koma, in ya ci karo da ƙashi ya farfasa shi, gutsattsarin su ma su zama harsasai. Yana jan ƙyallen riga da ƙura zuwa ciki. Cinyar da wasa ya ɗauka ƙaramin ragi, babbar jijiyar jini ce ke ratsa ta, kuma jinin babban mutum duka kimanin lita 5 ne. In ta tsinke ba a ɗaure sama da raunin da ƙarfi ba, mintoci kaɗan sun isa. Kafaɗar da jarumin fim ke dafewa ya ci gaba da faɗa, ta nan jijiyoyin da ke motsa hannu suke bi, wanda aka sama a nan yana iya rayuwa da shanyayyen hannu har tsufa. A ƙasar kiwo irin ta Dakoro, inda turɓaya ke gauraye da kashin dabbobi, akwai kuma ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, wanda sai bayan kwanaki yake bayyana.

Likitoci ma sun daɗe kafin su gane. A ƙarni na 16 Turawa sun ɗauka albarushi dafi ne, don haka suke tsiyaya tafasasshen mai cikin raunin bindiga. A 1537, a yaƙin ƙasar Turin, mai ya ƙare wa wani matashin wanzami na rundunar Faransa, Ambroise Paré, sai ya shafa wa sauran majinyatan gwaiduwar ƙwai da man wardi da ƙaro. Da gari ya waye ya tarar waɗanda ba a ƙona ba sun yi barci, waɗanda aka ƙona suna fama da zazzaɓi da kumburi. Littafin da ya fitar a 1545 da Faransanci ya rubuta shi, harshen ƴan'uwansa wanzamai, ya bar Latin na manyan malamai, abin da ƙungiyoyin raya harsunan gida za su so su riƙe. Wani kuskuren ya fi wannan tsawon rai, shi ne ɗokin ciro harsashi. An harbi shugaban Amurka James Garfield ranar 2 ga Yuli 1881, likitoci suka yi ta laluben harsashin da yatsun da ba a wanke ba, raunin ya ruɓe, ya rasu ranar 19 ga Satumba, bayan kwana 79. Wannan kuskure ne wasan Far Cry 2 na 2008, wanda aka gina labarinsa a wata ƙasar Afirka marar suna, ya mayar da shi magani: jarumi ya zura awartaki ko wuƙa cikin namansa, ya zaro harsashi, ya miƙe. A wurin likitan tiyata sau da yawa harsashin ba shi ne abin gaggawa ba, har akan bar shi a jiki in ba ya taɓa wani abu. Tsayar da jini ne farko, sannan yanke mataccen nama.

Batun ba na aji kaɗai ba ne ga jihar Maraɗi. A 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna gudun ƴan bindiga, hare-haren kuma suka taɓa ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji. A irin wannan hali, abin da saurayi ya ɗauka game da raunin ƙafa, ko abin da zai fara yi in ɗan'uwansa ya faɗi a gabansa, yana iya raba rai da ajali. Tsakanin Dakoro da manyan asibitocin Maraɗi akwai kilomita fiye da 100, kuma wanda aka harba a ruga sai an fara neman amalanke ko babur kafin a kai ga kwalta.

Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, wadda likitocinta suka fi kowa ganin raunukan yaƙi, ba ta nemi a hana wasannin ba. Ta zaɓi ta zauna da masu ƙera su, har a 2017 kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cek ya ƙara wa wasansa Arma 3 wani babi da aka tsara tare da ita, inda mai wasa yake zama ma'aikacin agaji mai tone nakiyoyi bayan an gama yaƙi. Ita ma tana da nata lissafin rauni, amma abin da take aunawa dabam ne: faɗin ƙofar shiga da ta fita, ko akwai kogo a ciki, ko ƙashi ya karye, ko an taɓa wata gaɓa ta rai. Ƙa'idar likitocinta kuma ita ce ba a ɗinke raunin harsashi a ranar farko. Ana wanke shi, a yanke abin da ya mutu, a rufe da bandeji a bar shi a buɗe. Sai wajen kwana na 5 ake mayar da majinyaci ɗakin tiyata a duba, in naman ya yi ja mai tsabta a ɗinke, in ya yi ruwa a sake yankewa a sake jira.