Tarihin Wanda Bashi Ya Karya

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, idan bashi ya fi ƙarfin mutum, me ake yi da shi? Yau za mu bi tarihin wannan magana.

A zamanin da, jikin mutum shi ne jingina. Wanda ya kasa biya, sai a kama shi ko ɗiyansa su yi bauta. A Babila, ƙasar Iraƙi ta yau, sarki Hammurabi ya kafa doka shekara wajen 3,700 da suka wuce. Ya ce bautar bashi kada ta wuce shekara 3. A ta huɗu sai a saki mutum.

Daga baya gidan kaso ya maye gurbin bauta. Amma wanda ke kulle ba ya noma, ba ya cin kasuwa. Da me zai biya?

A shekara ta 1705 Ingila ta fito da sabuwar dabara. Ɗan kasuwan da ya karye, in ya bayyana dukiyarsa duka, sai a raba ta ga masu bin sa bashi, a yafe masa saura. Wanda ya ɓoye dukiya kuwa, hukuncinsa kisa ne. Ka ga an fara rarrabe macuci da wanda masifa ta faɗa wa. Faransa ta daina kulle mutane don bashin kasuwanci a 1867. Ingila ta bi sahu a 1869.

Duk da haka mutane suna cewa wanda ya karye malalaci ne ko almubazzari. Sai malamai uku a Amurka, Teresa Sullivan da Elizabeth Warren da Jay Westbrook, suka shiga kotuna. Suka karanta takardun shari'a fiye da 1,500 na shekarar 1981, suka fitar da sakamako a 1989. Sun tarar yawancin mutanen nan ma'aikata ne kamar kowa. Binciken da suka ƙara fitarwa a 2000 ya nuna manyan dalilai uku: rasa aiki, rashin lafiya, da mutuwar aure.

A nan Nijar, dokar OHADA ta 1998, wadda aka gyara a 2015, ita ke aiki kan ƴan kasuwa da kamfanoni. Tana ba da damar sulhu da masu bin bashi tun kafin jari ya ƙare. Sai in babu hanyar ceto ake sayar da kaya.

Amma alƙali takarda yake dubawa. Kai da ka koyi karatu, rubuta abin da ka ranta, da ranar biya, da sunan shaidu.

Ku tattauna a ajinku: a garinku, yaya ake yi da wanda ya kasa biyan bashi? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.