Burtuntuna a Taskar Busassun Tsirrai

Manoman dawa sun daɗe da sanin burtuntuna, cutar da kan mayar da ƙwayar hatsi baƙin gari. Ta shiga littattafan kimiyya ne a 1825, lokacin da Link ya wallafa sunan Sporisorium sorghi bisa samfurin da Ehrenberg ya tsinto a Masar. A 2015, Nourou Yorou na Jami'ar Parakou, tare da Piątek da Lutz, suka bayyana sabon nau'inta, Anthracocystis grodzinskae, a wata ciyawar Benin. Irin wannan bincike ya dogara ga busasshen samfuri da takardarsa mai ɗauke da wuri da kwanan wata. Shi ya sa ƙonewar mafi yawan taskar tsirrai ta Berlin a 1943 ta zama babbar asara.