Mai Juna Biyu a Wurin Aiki: Daga Tsakar Gida Zuwa Dokar Ƙwadago

Gabatarwa

Akwai al'amuran da kunya ta hana Bahaushe tattaunawa a bainar jama'a, alhali kuwa lafiya da rai sun rataya a kansu. Ɗaya daga ciki shi ne halin da mace mai juna biyu takan shiga a wurin aiki in buƙatar kewayawa ta taso mata. To, amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bin diddigin yadda al'ada da doka suka ɗauki wannan batu, tare da kafa misali da ƙasar Gwaram da Birnin Kudu.

Tun da farko ya kamata mai karatu ya san cewa yawan fitsarin mai ciki ba sangarta ba ce. Jinin jikinta ƙaruwa yake yi, ƙoda tana tace fiye da yadda ta saba, sannan mahaifa tana danne mafitsara. Matse fitsari, ko rage shan ruwa don gudun fita, yakan jawo ciwon mafitsara, wanda in ya hau zuwa ƙoda yana iya haddasa haihuwar bakwaini.

Kafin Zuwan Agogo

A zamanin da, yawancin sana'o'in matan wannan yanki a tsakar gida ake yin su: kaɗi, saƙa, dakau, surfe, ƙuli-ƙuli da dakan fura. Matan karkara kuma sukan taɓa aikin gona kamar roron wake, tsinkar gyaɗa da sussuka. Aiki ne mai wuya ƙwarai, kuma kada a ɗauka mai ciki hutawa take yi, domin da yawa sukan yi daka har ranar naƙuda. Sai dai abu guda yana hannunta, wato lokacinta. In ta matsu sai ta jingine taɓarya ta kewaya, ba ta neman iznin kowa.

Al'ada kuma ta yi nata tanadi. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, bayan haihuwa a yi wankan jego na kwana 40. Addini ma ya yi sassauci, domin littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya halatta wa mai ciki shan azumi in ta ji tsoron cutar da abin da ke cikinta.

Zuwan Aikin Albashi

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai aikin albashi ya fara yaɗuwa, da agogonsa da ƙararrawarsa da mai duba aiki. Maza aka fara ɗauka, saboda haka da su aka auna tsarin aikin. Mata sun shigo daga baya, musamman ta fannin jinya da unguwarzoma da koyarwa. Asibitin Birnin Kudu da makarantar koyon jinya ta garin sun zama ƙofa ga 'yan matan yankin. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya buɗe makarantu a ƙauyuka, aka shiga neman malamai mata. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya ƙara yawan ofisoshi da ma'aikata. A nan ne lokacin mace ya fita daga hannunta. Malama ba ta iya barin aji yadda ta ga dama, haka ma'aikaciyar jinya da aka bari ita kaɗai a ɗakin marasa lafiya.

Abin da Doka ta Tanada

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar kare masu haihuwa a birnin Washington a 1919. Ta ba mace mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Wannan ma'auni ne ya shigo cikin Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wato dokar soja mai lamba 21 ta 1974, wadda har yau ake aiki da ita. Sashe na 54 ya ba da waɗannan makonni 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 a bakin aiki, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. Sashe na 13 ya ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da isassun makewayi, na maza daban na mata daban.

Daga baya an sami ci gaba wajen tsawon hutu. Yarjejeniyar duniya ta 2000 ta kai shi mako 14. Gwamnatin Tarayya ta ba ma'aikatanta mata mako 16, Jihar Legas ta ba da wata 6 a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019.

Inda Gizo ke Saƙa

In muka duba da kyau, za mu ga Dokar Ƙwadago ta ƙidaya makonnin da ke gefen haihuwa, amma ba ta ambaci watanni bakwai da ɗoriya da mace take zuwa aiki da cikinta ba. Hutun awa guda da tsakar rana ba ya maganin wadda za ta buƙaci fita sau da yawa kafin azahar. Na biyu, Dokar Masana'antu masana'antu ta shafa, ba ta kai ga aji ko shago ko gona ba. Na uku, macen da ake ɗauka ƙwadagon yini a gonar riɗi ko wajen tsintar zoɓo ba ta cika sharaɗin wata 6, kuma in da mudu ko buhu ake biyan ta, duk fitar da ta yi daga aljihunta ta fita. Ga kuma kunya, wadda takan hana mai cikin fari ko da ambaton cikin, balle ta tunkari shugaba namiji da zancen bayan gida.

Wannan giɓi ba namu ba ne mu kaɗai. Amurka ta hana nuna wa mai ciki bambanci a 1978, amma sai a 2022 ta yi dokar tarayya da ta tilasta wa masu ɗaukar aiki yi mata sassauci. Ƙa'idojin da aka fitar a 2024 sun ambaci ƙarin damar kewayawa, shan ruwa da zama a kujera ƙarara.

Kammalawa

Masu cewa adalci shi ne a yi wa kowa ma'auni ɗaya sun manta cewa da jikin namiji aka yanka ma'aunin. Abin da ake bukata bai kai a kira shi tsada ba: makewayi mai ƙofa da ruwa kusa da wurin aiki, wanda zai riƙe aji ko ɗaki na minti biyar, da rubutacciyar ƙa'ida da za ta hutar da mace roƙo. Mu ɗalibai, gobe mu ne hedimastoci da shugabannin ma'aikata a Gwaram da Birnin Kudu da sauran wurare, kuma ba sai an gyara doka ba kafin shugaba ya yi wannan a ofishinsa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya sa mu dace, amin.