«A Sha Ruwa»: Waƙar Mashaya da Ta Shiga Gari

A Kwangila ta Zariya hanya takan rabu, wata ta gangara Sabon Gari, wata ta miƙe Samaru. Tarihin «A Sha Ruwa», waƙar Alhaji Mamman Shata, yana tsakanin wuraren nan biyu.

Turawan mulkin mallaka sun haramta sayar wa 'yan ƙasa barasa a Arewa, amma Sabon Gari, mazaunin baƙi da ma'aikatan jirgin ƙasa, nan ne doka ke sassautawa. A otal-otal na irin waɗannan unguwanni kalangu ya sami fagen da ba fada ba, ba gidan biki ba. Shata bai ɓoye manufarsa ba, illa dai ya kira giya ruwa, sakayar da ta buɗe wa waƙar ƙofofi: ta shiga kaset, ta hau motar haya, har wanda bai taɓa kurɓa ba ya haddace amshinta. Masu tir da ita ma sun san ta, abin da ba kowace waƙa ke samu ba.

Waƙar mashaya ta saba irin wannan ƙaura. Karin taken ƙasar Amurka asalinsa waƙa ce ta wata ƙungiyar shaƙatawa a Landan, a ƙarni na 18.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta ba Shata digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a watan Yunin 1999, 'yan watanni kafin Zamfara ta shelanta shari'a, jihohi da dama suka bi sahu da rufe mashaya.