Mun San Mangal Pandey, Mun Manta Satiru

Duk wanda ya tashi tsakanin Samaru da Sabon Gari ya san yadda fim ɗin Indiya ya zauna mana a rai. Iyayenmu sun cika silimomin Sabon Gari da tafi lokacin da Amitabh Bachchan ke jibgar Turawa a fim ɗin Mard na 1985. Mu kuma muka taras da zamanin faifai da gidan kallo, inda muka ga Mangal Pandey: The Rising na 2005, wanda Aamir Khan ya ja.

Labarin ya faru da gaske. Mangal Pandey soja ne a rundunar kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya. An kawo musu sababbin harsasai da sai an ciji takardarsu da haƙori kafin a ɗura, sai magana ta bazu cewa an shafa musu kitsen saniya da na alade. Saniya abar girmamawa ce wurin Hindu, alade kuwa haramun ne ga Musulmi. Ranar 29 ga Maris, 1857, Pandey ya auka wa hafsoshin Turawa a Barrackpore, aka rataye shi ranar 8 ga Afrilu. Ranar 10 ga Mayu sojojin Meerut suka yi bore, suka nufi Delhi. Sai da aka shekara ana zubar da jini kafin Turawa su kashe wutar. Suka kori sarkin Delhi, Bahadur Shah, zuwa Rangoon, inda ya rasu a 1862.

Muna kallo muna tafi, ba mu san tarzomar ta shafe mu ba. Darasin da Ingila ta ɗauka shi ne: kada a riƙa ƙwace ƙasa daga hannun sarakuna, a bar su kan karaga, a yi mulki ta bakinsu. A Madras ta Indiya aka haifi Lugga a watan Janairun 1858, ana tsakiyar yaƙin, kuma a can ya yi aikin soja yana saurayi. Irin wannan dabara ya shimfiɗa a Arewa.

Zazzau ta ɗanɗana da wuri. A 1902 Turawa suka kama Sarki Kwasau suka fitar da shi daga gari. Daga Zariya rundunar Kanar Morland ta tashi ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Aliyu Ɗan Sidi, wanda suka naɗa da hannunsu, shi ma daga baya suka tuɓe shi suka kai Lakwaja, inda ya rasu a 1924. Kamar Bahadur Shah, shi ma sarki ne mawaƙi da ya mutu nesa da gida.

Amma abin da ya fi kama da boren Indiya a ƙasarmu shi ne Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato. Talakawa ne da bayin da suka gudo, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami da ake kira Ɗan Makaho, suna wa'azin Mahadi. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, da fartanya da gatari da baka, suka tarwatsa sojojin da aka tura musu. Suka kashe Turawa 3, ciki har da Hillary mai riƙon Razdan, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris Turawa suka dawo da shiri, suka kashe mutane kusan 2,000, aka rushe garin, aka hana a sake zama a wurin.

To, me ya sa har yau Satiru bai shiga bakin yaranmu ba? Dalili ɗaya mai ɗaci ne: ba Bature kaɗai ya yaƙe su ba. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya tsaya tare da Turawa, domin masu sarauta sun ga boren a matsayin barazana gare su su ma. Haka aka yi a Indiya, inda sarakuna irin Nizam na Hyderabad suka riƙe wa Ingila amana. Tafa wa jarumin wata ƙasa abu ne mai sauƙi, tunda ba kakanmu ba ne a ɗaya ɓangaren.

Ba wai ba mu iya ba ne. Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar tun 1976. Malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, sun koya mana mu tuhumi labarin da Bature ya rubuta a kanmu. Takardu na nan a Arewa House da gidan adana tarihi na Kaduna. Abin da ya rage shi ne marubuci ko mai shirya fim da zai ɗauki mutanen Satiru a matsayin mutane masu suna da dalili, ya kuma jure ɓacin ran da zai biyo baya.